Kashin Ƙuda a Gida na Tamanin da Bakwai

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya kuna cewa na bar ku a rataye, na gani. Ni ma'aikaci ne, sai na sauke nauyin da ke kaina nake zama rubutu. Wadda kuma ta rubuto tana zagina wai na tona wa ƙaramar yarinya asiri, ta karanta wannan shafin tukuna. In ta gama ta ƙara zagin, zan karɓa.

Ga inda muka tsaya.

Ranar Asabar ce, ranar zagayen ƙarshe na gasar goge da makarantar kiɗanmu ke shirya wa yara 'yan ƙasa da sha takwas a nan Legas. Yara uku suka rage cikin sittin da ɗaya. Ƙarfe huɗu kowannensu zai fito ya tsaya shi kaɗai da gogensa, makaɗa arba'in a bayansa suna amsa masa. Wanda ya ci, za a tura shi karatun kiɗa ƙasar waje shekara huɗu. Cikin ukun akwai Morayo Oduwole, 'yar shekara sha shida daga Bariga. Duk wanda ya ji gwajin safiyar nan ya san ita ce za ta ci.

Ni na ɓata al'amarin. Ni Tanimu, mai kula da ɗakin takardun kiɗa, shekarata ashirin da shida a makarantar nan. Da ɗaukar kujeru na fara, da kaina na koyi karatun takardar kiɗa, kuma ni nake kunna wa alƙalai sautin da yara ke turowa a zagayen farko, wanda ba fuska ba suna sai lamba. A gwajin safiya kunnena ya gaya min hannun da ya kaɗa lamba arba'in da huɗu, lambar Morayo, ba hannunta ba ne. Na kai maganar gun shugabar alƙalai.

Ƙarfe ɗaya da rabi shugabar, Madam Ekanem, ta rufe ƙofar ɗakina, ta ajiye jakarta a kan tebur.

"Malam Tanimu, maimaita abin da ka gaya min a gaban yarinyar."

Morayo tana durƙushe kan gwiwoyinta tun shigowarta, ta rungume akwatin gogenta.

Na ce, "Tashi ki zauna."

"Na gode, Sa. Nan ma ya yi."

"Na ce ki tashi. Ba a yanke miki hukunci ba tukuna."

Ta tashi ta zauna a bakin kujera. Na shimfiɗa takardu biyu a gabanta.

"Wannan ita ce irin takardar da kika koya da ita. Nemo min gida na tamanin da bakwai."

Takardar kiɗa a yayyanke take gida-gida, kowane gida da lambarsa. Yatsarta ta sauka a kansa ba tare da ta ƙirga ba.

"Sauti biyun nan na farko, yaya tsawonsu?"

"Ɗaya ne, Sa."

"Haka kika kaɗa su da safe?"

"Haka aka rubuta."

"Madalla. Wannan kuma takardar marigayi Pa Shodeinde ce, tsohon malamin goge na Ebute Metta. Da ya rasu 'ya'yansa suka tattaro mana takardunsa a jakar Gana-mas-go. Duba gidan."

Ta sunkuya.

"Akwai ɗigo kusa da sautin farko."

"Me ɗigo yake nufi?"

"A ja sautin ya yi tsawo, sai a datse na bayansa."

"Kawo idonki kusa. Launinsa ɗaya da tawadar?"

Ta daɗe tana dubawa.

"Ruwan ƙasa ne, Sa."

"Kashin ƙuda ne."

Madam Ekanem ta ɗan gyara tsayuwa.

Na ce, "Pa Shodeinde idonsa ya yi rauni tun yana da ƙarfi. Ƙuda ya sauka a takardarsa ya yi abinsa ya tashi, shi kuwa ya ɗauka ɗigo ne. Ya riƙa yi wa almajiransa fotokwafi, a fotokwafi kuwa da tawada da kashin ƙuda duk baƙi ne. Shekara talatin yana dukan yatsun yara in ba su ja sautin nan ba. A duk faɗin duniya ba mai kaɗa gidan nan haka sai wanda ya zauna a falon Pa Shodeinde. Kin taɓa zama?"

"Ban ma san shi ba, Sa."

"Ya rasu kina da shekara biyar. To, saurara."

Na danna lamba arba'in da huɗu.

Ban yi zaton sai mun kai gida na tamanin da bakwai ba, amma ban yi zaton abin zai zo da wuri haka ba. Izga ba ta ja sau uku ba, bakin yarinyar ya buɗe. Ta dubi na'urar, ta dube ni.

"Wannan ba ni ba ce."

Madam ta ce, "Lambarki ce."

"Ba ni ba ce, Ma. Ni ba na shiga haka." Sai ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. "Ku tsaya. Amma gogena ne."

"Yaya kika sani?"

"Babbar tsirkiyata tana ɗan zuza in an danne ta. Kun ji? Ga shi nan. Gogena ne." Muryarta ta koma ƙasa. "Wa ya taɓa min goge?"

Gida na tamanin da bakwai ya zo. Aka ja na farko, aka datse na biyu. Na kashe.

Ni dai na ga masu ƙarya iri-iri a ɗakin nan. Na ga uban da ya rage wa ɗansa shekara uku, yaron yana tsaye da gemu. Maƙaryaci yakan dubi wanda yake so ya yaudara. Morayo akwatin gogenta take kallo, kamar an ce mata wani ya kwana a gadonta.

Madam ta ce, "Ke kika ɗauki naki sautin?"

"Ni na ɗauka, Ma. A ɗakinmu, sau tara, saboda janareton maƙwabta."

"Wa ya turo?"

"Mamata. Ba ni da data ranar, ta ce in tura mata za ta aiko daga shago."

"Mamarki tana da wanda ta sani mai kaɗa goge?"

Yarinyar ta yi 'yar dariya marar daɗi.

"Mamata? Ko ina gwaji cewa take in rufe ƙofa, wai kamar ana yanka kyanwa. Shekara bakwai ina zuwa makarantar nan, ba ta taɓa tako ƙofar ba. Yau ma ta ce Asabar ranar kasuwa ce."

"Kira ta."

Ta kira. Ta ce, "Mama, ana neman ki a makaranta." Ba ta ƙara komai ba, can ma ba a tambaye ta dalili ba.

Daga kasuwar Balogun zuwa wurinmu ranar Asabar, in gosulo ya yi maka kirki, awa ɗaya ne. Minti huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai na tuna matar da na gani tun hantsi a tsallaken titi, zaune a bencin mai gasa ayaba, ta juya wa makarantar baya.

Ta shigo. Mace ce mai jiki, da zani da riga buba, ɗaurin kanta na gele har yana taɓa saman ƙofa. Ta gaishe ni. Ta dubi 'yarta. Madam Ekanem kuwa, da ke tsaye taku biyu daga gare ta, ko kallo ba ta ishe ta ba.

"Ga ni. Me ta fasa?"

Na jira Madam ta yi magana, tunda ita ce shugaba. Ba ta yi ba. Ta dafa tebur da hannu biyu, idonta a kan matar. Na ɗauka fushi ne.

Na ce, "Mama Morayo, ke kika turo sautin 'yarki a zagayen farko?"

"Ni na turo. Laifi ne?"

"Wanda ta ba ki kika turo?"

"Malam, ni yadi nake sayarwa. Abin da aka tura min shi na tura. In ya canza a hanya ku tambayi masu waya."

"Wani ya kaɗa gogen yarinyar nan, aka turo da lambarta."

"To ku neme shi. Me na sani a wannan katako mai kuka? In kana son leshi, zo Balogun in yi maka ragi."

Tana magana tana kaɗa hannun dama, farata dogaye, jan fenti yana ƙyalli. Hannun hagun yana cikin zani. Tun shigowarta bai fito ba.

Na ce, "Nuna min hannunki na hagu."

"Duba za ka yi min?"

"Nuna min."

"Malam, ka ji tsoron Allah, da aurena."

"Mama," in ji Morayo a hankali, "nuna masa."

Ta fito da shi.

Farata huɗu an yanke su har tsoka. Kan kowace yatsa ya yi kanta, da ɗan layi a tsakiya inda tsirkiya ke zama.

"Almakashi ne," in ji ta.

"Da dama kike riƙe almakashi. Ɗaga haɓarki."

Ba ta ɗaga ba, amma ba sai ta ɗaga ba. Ƙarƙashin muƙamuƙinta na hagu akwai baƙin tabon nan da goge ke bar wa mai shi. Hoda ta rufe rabinsa.

Morayo ta kai hannu wuyanta ta taɓa nata tabon.

"Kin ce min ƙuna ce. Kin ce man gyaɗa ne ya fallatsar miki kina yarinya."



Sai Madam Ekanem ta yi magana, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ibironke."

Matar ta juya a hankali, karon farko.

"Au. Ashe kin tuna, Affiong. Na ɗauka sanyin Turai ya wanke miki kai."

Shekara goma sha ɗaya Madam tana shugabancin alƙalai, ban taɓa jin wanda ya kira ta da sunan yanka ba.

Morayo ta ce, "Kun san juna?"

"Zauna," in ji uwar.

"A zaune nake, Mama. Ke ce a sautin nan?"

"Ni ce."

"Kin iya goge."

"Na iya."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a san za a haife ki ba. Ina da wani tsohon goge a bayan shago, ƙarƙashin atamfofi. Duk Laraba in na rufe da azahar sai in maƙala masa abin matse shanya a kan jakinsa, ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiya, don kada muryarsa ta fita, in yi awa ɗaya. Ya tsage, ba ya ɗaukuwa a waya. Shi ya sa na ɗauki naki kina makaranta, na je cocinmu lokacin ba kowa."

"Shekara bakwai ina kuka a kan wuraren da suka gagare ni. Kina daka barkono kina ce min in rufe ƙofa."

"Da na buɗe baki sau ɗaya, da kin gane."

"In na gane sai me?"

Uwar ta mayar da hannun hagun cikin zani.

"Mama, nawa da na tura miki, kin saurare shi har ƙarshe?"

"Na ji janareto. Ina bakin ƙofa kina ɗauka, na ji kin zame a sama."

"A na uku na zame. Na tara na tura miki. Kin saurare shi har ƙarshe?"

Uwar ta dubi bango.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta yi wa iyaye mata zafi. Akwai son da ba ya sauraron wanda ake so. Matar nan ta rufe shago, ta yi ƙarya, ta ɗauki zunubi saboda 'yarta, amma minti goma sha biyu na zama ta ji abin da 'yar ta yi da hannunta, ba ta iya ba.

Na ce, "Kin cuce ta. Abin da ta kaɗa da safen nan ya fi abin da kika turo. Ke kin ƙware, amma ita ta wuce ki. Ba ta buƙaci ƙaryarki ba. Dokar gasa kuwa kin san ta ko ba ki san ta ba: wanda aka kama da sautin wani, an kore shi, kuma ba zai sake shiga ba har abada."

"Na san dokar, Malam. Kai ka karanta min ita."

"Ni?"

"Kai. Lokacin ba ka da furfura, kujeru kake ɗauka. Shekara ashirin da huɗu ke nan. Aka ce ka raka wata yarinya bakin ƙofa. Ka riƙe min ƙofar, ka ce, 'Ki je ki tuba, Allah ba ya barin maƙaryaci.' Har da nuna min yatsa."

Na nemi kujera.

Na tuna. Siririyar yarinya da kitso biyu, rigar makaranta ta yi mata kaɗan. Ba ta yi kuka ba, ni kuwa na ɗauka taurin kai ne. Na koma ciki ranar ina jin na yi aikin lada.

"Ke ce Ibironke Falana."

"Ni ce. Aure ya canza sunan, tuwon rogo ya canza sauran."

Madam ta ce, "Ibironke, ba yau ba. Ba a gaban yarinya ba."

"A gaban wa kike so? Ke kika kira ni." Ta juyo gare ni. "Ka tuna laifina?"

"An sami kaset biyu hannu ɗaya ya kaɗa su. Aka ce kin saci na wata kin kwafa."

"Na wa?"

Na riga na juya ina kallon Madam.

"Ƙawata ce," in ji Mama Morayo. "A ƙungiyar waƙa ta coci muka haɗu. Ita 'yar Ikoyi, Baturiya ke koya mata a gida. Ni ina shiga bas ɗin haya, molue, zuwa falon Pa Shodeinde. Saura kwana biyar a rufe karɓar kaset, ɗan karkare ya fito mata a yatsa, ta kumbura kamar doya. Ta zo har Bariga tana kuka. Ta ce, 'Ronke, zagayen farko ne kawai, kafin na biyu na warke.' Na kaɗa nata da safe, na kaɗa nawa da yamma. Na yi ƙoƙari in bambanta su, amma hannu ba ya ɓoyuwa."

"Yara ne mu," in ji Madam.

"Yara ne mu. Aka kira mu gaban alƙalai. Ita ta zo da babanta, lauya, da kwat. Ni na zo da mamata tana warin kifi. Aka tambaya, wa ya kwafi wa? Na dube ta, ina jira. Kin tuna abin da kika yi, Affiong?"

Madam ta kawar da kai.

"Ta ɓoye yatsar a aljihu, ta dubi ƙasa. Shi ke nan. Ba ta ma yi ƙarya ba, shiru kawai ta yi. Pa Shodeinde ya ce kada in sake taka masa falo. Ita ta warke, ta ci gasa, ta hau jirgi. Ni na hau benci a Balogun."

"Me ya hana ki faɗa?" na tambaya.

"Na faɗa. Kai ma kana wurin, kana jera kujeru. Wa ya yarda?"

Madam ta ɗago kai. Ta dawo da muryarta ta ofis.

"Wannan zance ne. Ba ki da shaida a lokacin, ba ki da ita yanzu."

"Haka ne," in ji Mama Morayo. "Ba ni da ita."

Ni ba na zubar da komai. Sau uku ana rubuto min takardar gargaɗi a kan tarkace. Na tashi na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin kanta ta ƙarshe, na hure ƙura.

"Malam Tanimu, me kake yi?"

"Aikina, Madam."

Kaset ɗin shekarar suna nan ɗaure da roba. Lamba talatin da ɗaya, an ja masa jan layi, Ibironke Falana. Lamba goma sha biyu, Affiong Ekanem. Na ɗauki na sha biyu, na zura biro na ɗan juya zaren, na sa a tsohuwar rediyona.

"Madam, kin taɓa zama a falon Pa Shodeinde?"

"Ka san ban taɓa ba."

"Baturiyarki da takardar Turai take koya miki?"

"Kashe abin nan."

Ban kashe ba.

Sautin ya fito da shuu irin na tsohon kaset. Ba wanda ya motsa. Morayo tana ƙirga gidajen da leɓenta, na gan ta. Tamanin da biyar. Tamanin da shida.

Aka ja na farko. Aka datse na biyu.

Mama Morayo ta ce, "Mene ne? Me kuka ji?"

Ita kaɗai ce a ɗakin ba ta sani ba. 'Yarta ta tura mata takardar Pa Shodeinde, ta ɗora yatsa a wurin.

"Wannan ɗigon, Mama. Ba ɗigo ba ne. Kashin ƙuda ne."

Ta ɗauki takardar ta kai ta hasken taga. Ta daɗe.

"Ya fasa min yatsa da rula a kan ɗigon nan," in ji ta. "Sau biyu."

Ta zauna a kan akwatin ƙarfen. Gelenta ya karkace, ba ta gyara ba.

"Wato tun ran nan shaidata tana cikin kaset ɗin."

Na ce, "Tana ciki. A ɗakin nan. Shekara goma sha ɗaya da na gano kashin ƙudan nan, ina ba wa mutane labarinsa ana dariya. Ban taɓa tunanin in sa kaset ɗin ba, don na riga na gama da ke a raina."

Ban nemi gafararta a lokacin ba. Bakina bai iya ba. Wannan ma ku rubuta shi a kaina.

Agogon bango ya nuna uku saura kwata. Daga zaure ana jin makaɗa sun fara daidaita tsirkiyoyinsu.

Madam Ekanem ta buɗe jakarta ta fito da takardar alƙalai. Sunanta a sama a matsayin shugaba, sunayen yara uku a ƙasa, da wurin sa hannu. Sai ta sa hannu za a buɗe gasa. Ta ajiye ta a tebur, ta ɗora biro a kai.

"Mu yi magana irin ta manya. Zagayen farko ya wuce wata biyu. Zagaye na biyu yarinyar nan da hannunta ta ci shi, a gaban kowa. Mu huɗu ne muka ji abin da aka ji a ɗakin nan. Sauran alƙalan biyu ba su san komai ba." Ta juya ga Mama Morayo. "Ronke, na ɗauke miki abu. Bari in mayar wa 'yarki. Ta fita ƙarfe huɗu ta kaɗa. Kaset ya koma akwati, lamba arba'in da huɗu ta ɓace daga na'ura."

"Shiru da shiru ke nan," in ji Mama Morayo.

"Kira shi abin da kike so."

"Kin iya shi dama." Ta share fuska da gefen zani. "Na yarda."

Suka juyo gare ni su biyun.

"Malam Tanimu?"

Kuna jira in ce muku na miƙe na yi wa'azi. Ban yi ba. Na dubi matar da na kora da yatsa, na dubi yarinyar da ba ta yi laifin komai ba, na ji hannuna ya kama hanyar na'ura da kansa. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana gaya wa mutane gaskiya ɗaya ce, ga shi yana neman maɓallin gogewa.

"Sa," in ji Morayo. "Mutum nawa aka ɗauka daga zagayen farko?"

"Goma sha biyu."

"Wane ne na sha uku?"

"Ba a faɗa."

"Amma ka sani."

Na sani. Ni na jera makin.

"Wani yaro ne daga Ajegunle. Chidubem. Rabin maki ya raba shi da na sha biyu."

"Ya san rabin maki ne?"

"Bai sani ba."

"Shekararsa nawa?"

"Sha bakwai da wata tara."

"Wato baɗi ya wuce shiga."

Uwar ta ce, "Morayo, rufe bakinki. Ba ruwanki da ɗan wani."

"Ke ma haka aka ce a kanki, Mama."

"Ni na haife ki. Ina gaya miki ki ɗauki gogenki ki fita."

Yarinyar ta ajiye akwatin gogen a hankali. Ta durƙusa a gaban uwarta har gwiwoyinta suka taɓa siminti, kamar yadda aka koya mata.

"Ki yi haƙuri, Ma."

Ta tashi ta zo tebur. Ta ɗauki biro. Ta danne takardar da hagu, ta ja layi a kan Morayo Oduwole, daga farkon sunan har ƙarshensa.



Morayo ta juya biron, ta miƙa wa Madam Ekanem da hannu biyu.

"Sunanki ma yana jikin takardar, Ma. A sama."

Madam ta karɓa. Ban san ko ta san ta karɓa ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Farfesa Ajayi-Bembe ce, alƙali na biyu.

"Madam, jama'a sun fara shigowa. Kin sa hannu a takardar?"

Kaset lamba goma sha biyu yana ta juyawa a rediyo, ban kashe ba.

Mariƙin ƙofar ya murɗa.